Kundin aikin adana faya-fayan da aka dasa wa kariyar kwafi

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau kwalin ya iso gida. Dattijon da na saba sayen tsofaffin kwamfutoci a wurinsa ne ya kira ni ranar Laraba, ya ce an sauke masa gwanjo daga Turai, cikin kayan akwai kwali guda maƙil da faya-fayan CD, ba wanda ya ko taya. "Malam, in ba ka zo ba yara ne za su kwashe su yi wa kekunansu ado," in ji shi. Na ce, "Baba, a ture mini shi gefe, ina nan tafe." Da na zazzage a tabarma na ƙirga, guda 212 ne. Wasannin kwamfuta sun fi yawa, sai na PlayStation ta farko masu baƙin baya, sai na waƙa, sai 'yan DVD na fim da ba su kai ashirin ba.

Niyyata ita ce in fitar da kwafin kowane faifai yadda ya baro masana'anta, ba ragi ba ƙari, in rubuta bayaninsa, sannan in gwada abin da na samu da kundin Redump. Kundi ne da masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suke tarawa. Ba a ajiye wasa ko waƙa a cikinsa, sai bayanin faifai da lambobin hatiminsa, CRC32 da MD5 da SHA-1, waɗanda ake lissafowa daga abin da ke cikin kwafin. Bayit ɗaya ya canza, hatimin ya canza gaba ɗaya. In mutum biyu da ba su san juna ba suka karanta faifai iri ɗaya, kowa da na'urarsa, hatiminsu ya zo ɗaya, to an samu shaidu biyu. Ni ma ba rabawa zan yi ba, ba kuma sayarwa ba. Ajiya ce.

Yawancin faya-fayan nan an buga su ne daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000, lokacin da kamfanoni suke rige-rigen dasa tarko a faifai don kada a kwafa. Tarkon shi ma na jikin faifan ne, kwafin da ya tsallake shi bai cika ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mako guda ban saka ko faifai ɗaya a na'ura ba. Ido kawai, da fitila, da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya. A kewayen ramin tsakiya, ta ɓangaren da ke sheƙi, akwai ƙananan rubutu da masana'anta ke bari: lambar uwar faifai, wani lokaci da sunan masana'antar, da lambobin IFPI, wato ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, iri biyu da aka fara sakawa a 1994. Ɗaya tana farawa da harafin L, tana nuna injin da ya yanka uwar faifan. Ɗayar a jikin robar kanta aka tona ta, 'yar mitsitsiya, tana nuna mazubin da aka zuba faifan. Sai ka karkata shi ga haske, kana juyawa a hankali kamar mai duba takardar kuɗi, kafin ta bayyana. Ƙanena ne ke riƙe da biro ina karanto masa. Can sai ya ce, "Yaya, wannan takwas ka ce ko B?" mu sake komawa.

Wahalar ba ta banza ba ce. Wasa ɗaya, kwali ɗaya, hoto ɗaya, amma bugun farko da na biyu suna iya bambanta a ciki, har da irin kariyar da aka sa musu. Rubutun zoben nan ne ke raba su.

A nan ne kuma na tsince jabu guda 19, da alama Baba ya haɗa da ragowar kayan gida a kwalin. Wasu ba sa buƙatar bincike: faifan PlayStation mai baya fari kamar azurfa, alhali na asali baƙi ne. Wasu sai an natsu. Rashin lambar IFPI kaɗai ba hujja ba ce, tunda duk faifan da aka buga kafin 1994 ba shi da ita. Amma in wasan na 2002 ne, hoton samansa ya yi dishi-dishi, ga wurin lambar an kankare shi, magana ta ƙare.

Na yi ta waswasi ko in zubar da su. Ba zan zubar ba. Mu da muka tashi a shagunan gem na unguwa irin waɗannan muka buga, a injinan da aka sa wa cip, kuma da yawanmu ba mu taɓa riƙe baƙin faifai a hannu ba sai da muka girma. Tarihi ne, namu ma. Sai dai jakarsu daban, sunansu daban, kada gobe wani ya ɗauki fasasshen wasa ya zaci haka kamfani ya fitar da shi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na'urar karatu ta zo, Plextor PX-760A, tsohuwa mai faffaɗan kebul irin na da. Tun kafin maganar kwalin nan nake nemanta. Bari in rubuta dalilin da ya sa masu wannan aiki suke rububin irinta, domin sauran bayanan da za su biyo baya a kansa suka dogara.

Faifan CD gida-gida aka yanka shi, kowane gida sakta ake ce masa, 75 ne a kowace daƙiƙa. Sakta ɗaya bayit 2352 ce. A faifan bayanai na yau da kullum, 2048 ne kawai kayan da kake gani a matsayin fayil. Sauran 304 alamar farawa ce, da adireshi, da lissafin gano kuskure da na gyara shi. Fayil ɗin ISO da kowa ya sani 2048 ɗin yake ɗauka ya watsar da saura. Bayan wannan, kowace sakta tana tafe da wasu bayit 96 a gefenta, layuka takwas masu suna daga P zuwa W. Ni hashiya nake ce musu, don kamar rubutun da malamai ke yi a gefen shafi suke: ba sa cikin matani, amma mai kwafar littafi da ya bar su ya bar ilimi a baya. A waɗannan wurare biyu, cikin 304 ɗin da cikin hashiya, masu tarko suka fi binne abinsu.

Yawancin na'urori in sun ci karo da kuskure ko dai su gyara shiru, ko su ce ba za su iya ba. Wannan tana da umarni na musamman, 0xD8, da ke sa ta karanta faifan bayanai tamkar na waƙa, ta miƙo shi ɗanye, a cakuɗe, kafin a warware shi. Tana iya leƙa mashigar faifai da mafitarsa, inda na'urori da yawa ba sa zuwa. Kuma tana nuna kuskuren C2, wato daidai inda gyaran cikin na'ura ya gaza.

Sai maganar gociya. Ba na'urar da ke fara karatu daidai kan gurbin da ya kamata, kowace ƙira tana gocewa da adadi sananne. Ta wannan +30 ce a ma'aunin ɗigon sauti, kowane ɗigo bayit 4, wato bayit 120. Masana'anta ma tana da tata gociyar lokacin yanka uwar faifai. In ba a lissafa duka biyun ba, faifan da ke da waƙoƙi a bayan bayanai hatiminsa ba zai haɗu da na kowa ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Mahaɗin USB da na saya a kasuwa ba ya wucewa da umarnin 0xD8. Faifai yana buɗuwa, fayiloli suna fitowa, ɗanyen karatu ya ƙi. Na tono tsohuwar kwamfutar tebur mai ramin IDE, inda faffaɗan kebul ɗin ke shiga, na hure mata ƙura, na jona kai tsaye, ta karɓa. Na zuba mata manhajojin kwafar faifai DiscImageCreator da redumper, da MPF mai taimakawa wajen gano irin kariyar da ke faifai. Ba za ta taɓa ganin intanet ba. Na gwada faifai shida marasa kariya, duka shidan sun dace da kundin. Alhamdu lillahi.

Asabar, 7 ga Disamba

Faifai na farko mai haƙori. Wasan tseren mota ne. Tun daga jerin fayiloli na gane shi: 00000001.TMP, CLCD32.DLL, CLOKSPL.EXE, da wani mai ƙarewa da ICD. SafeDisc ke nan, wadda kamfanin C-Dilla na Ingila ya ƙirƙiro, Macrovision ta Amurka ta saye kamfanin a 1999.

Dabarar ita ce a masana'anta ake ɓata wasu saktoci da gangan, ɗaruruwa, can wajen farkon faifai. Ainihin wasan a kulle yake cikin fayil ɗin ICD. Kafin ya buɗe, sai ya aiki na'ura ta karanto waɗancan wurare. In sun karantu sumul, ya san kwafi ne, ya ƙi tashi. In sun ƙi karantuwa a daidai inda ya sani, ya buɗe. Ciwon ne shaidar cewa faifan na asali ne.

Da kunne ma ana jin abin. Ba a yi nisa da farawa ba na'urar ta rage gudu, ta shiga ƙugi, ta koma baya, ta sake gwadawa, sakta bayan sakta. Kusan awa biyu ina zaune. Da ta gama, kurakurai 587. Na duba kundin, bugun da rubutun zobensa ya yi daidai da nawa adadinsa ya gaza nawa da uku, kuma hatimi bai haɗu ba.

Na buɗe jerin. Guda 584 duk suna cikin yankin da fayil ɗin 00000001.TMP ya mamaye. Ukun kuwa can nesa suke, a jere, dab da ƙarshe. CD daga tsakiya ake fara karanta shi zuwa baki, don haka na juya faifan ga fitila na duba bakinsa. Ga ta nan, ƙarzuwa kamar tsawon ƙwayar shinkafa, kwance tana bin da'ira. Irin wadda ta fi ɓarna ke nan. Wadda ta ratso daga tsakiya zuwa baki kaɗan take taɓawa a kowane zagaye, lissafin gyara ya cike giɓin. Mai bin da'ira layi ɗaya take ci da tsawo.

Yau na fahimci ainihin aikin da na ɗauko: raba kuskuren da aka dasa da kuskuren da shekaru suka kawo. A wurin na'ura duk ɗaya ne, C2 kawai take cewa. Na gangan, ƙa'idar Redump ita ce a cike gurbinsu da bayit iri ɗaya, 0x55, a rubuta adadinsu, don kowa ya fitar da hatimi ɗaya. Na lalacewa kuwa in na cike su da 0x55 na yi ƙarya, na ce kamfani ne ya bar rami a inda a gaskiya akwai bayani. Na wanke faifan da ruwa da ɗan sabulu, na goge daga tsakiya zuwa baki da tsumma mai laushi, na sake karanta wurin sau da yawa. Biyu sun dawo. Ɗaya ta ƙi. Na rubuta a kan ambulan ɗinsa: bai kammala ba.

Wani zai ce mene ne amfanin adana taswirar ramuka. Ga shi: SafeDisc ta dogara da wani ƙaramin fayil, secdrv.sys, wanda Windows 10 da ta fito a 2015 ba ta karɓarsa, kuma a Satumbar shekarar Microsoft ta kashe shi a tsofaffin Windows saboda matsalar tsaro. Mai faifan asali ma yau wasansa ba ya tashi a sabuwar kwamfuta. Duk wanda zai rubuta manhajar da za ta tashe shi nan gaba yadda yake, sai ya san inda ramukan suke.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya kankama. Faifai in ya yi minti biyar a buɗe sai ka rubuta sunanka a kansa. Na toshe ƙasan ƙofa da tawul, na rufa wa na'urar zane, ba na fito da faifai sai wanda zai shiga. An ɗauke wuta ana tsakiyar karatun awa uku, don haka na sayi batirin ajiye wuta kafin in ci gaba. Na kuma hana ƙanena kifa faifai ta saman hoto a kan tebur mai yashi. A CD, bayanin yana dab da ƙarƙashin hoton ne, siririn fenti kawai ya rufe shi. Ƙarzuwar ƙasa ana iya gogewa, ta sama in ta ci, ta ci.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na gano kuskure nawa, kuma ba ƙarami ba ne. A makonnin nan na karanta faya-fayan PlayStation 23, duk hatiminsu ya dace da kundin, na ɗauka an wuce wurin. Jiya ƙanena ya ɗora kwafin ɗaya a manhajar da ke kwaikwayon PlayStation, can ya leƙo ya ce, "Yaya, ya tsaya fa." Wasan yana kaiwa wani wuri sai ya daskare.

LibCrypt ce. Sony ta fara sa ta a faya-fayan Turai a 1998, wasan MediEvil ne na farko. Ba ta taɓa matani ko kaɗan, a hashiya take, a layin Q. Layin nan bayit 12 ne a kowace sakta, yana faɗin lambar waƙa da minti da daƙiƙar da ake ciki, biyun ƙarshe kuma lissafin tabbatarwa ne. Sai aka zaɓi saktoci 32 aka ɓata musu lokacin da lissafin, rabi a minti na uku, rabi maimaicinsu a minti na tara. Injin PlayStation in ya ci karo da Q da lissafinta bai daidaita ba, sai ya yi watsi da ita ya maimaita amsar da ta gabata. Wasan yana bin wuraren ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ina aka kai, daga inda amsa ta maƙale da inda ba ta maƙale ba yake haɗa mabuɗi mai bit 16. Na'urorin kwafa na wancan lokaci sabuwar Q lafiyayya suke rubutawa, mabuɗin ya ɓace.

Abin da na yi ke nan da hannuna. Hashiya ba ta da lissafin gyara irin na matani, kurakurai na faɗowa cikinta barkatai ko a sabon faifai, shi ya sa DiscImageCreator ke share su. Akwai umarnin da ke ce mata kada ta taɓa na LibCrypt, /nl, yana nan a rubuce cikin bayaninta, ni ne na buga umarni da hannu na bar shi. Ta share na barkatai, ta share na gangan tare. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hatimin bai nuna komai ba, domin matani kaɗai yake aunawa. Shaidu sun yarda, amma kwafin gurgu ne.

Na sake karanta duka 23, kowanne sau uku. Kuskuren da ya yi ƙaura daga karatu zuwa karatu hayaniya ce. Wanda ya zauna daram a sakta ɗaya duk sau ukun, da abokinsa saktoci biyar a gaba, shi ne na gangan. Bakwai daga cikinsu suna da LibCrypt. Kowanne na fitar masa da fayil ɗin SBI mai jerin saktocin da aka ɓata, bayit 452 kacal, na ajiye kusa da kwafinsa tare da ɗanyar hashiyar gaba ɗaya. Ƙanena ya sake gwadawa, wasan ya wuce wurin.

Akwai abu ɗaya a faya-fayan nan da na'urata ba za ta iya ɗaukowa ba: haruffa huɗu, SCEE a na Turai, da aka rubuta ta hanyar karkaɗa layin kansa a mashigar faifai. Shi ne abin da cip ɗin shagunan gem yake yi wa injin ƙaryarsa. Wannan sai dai in rubuta yankin a takarda.

Asabar, 25 ga Janairu

Baba ya kira. "Malam, wannan mai hoton jar motar da ka ce, na ga ɗan'uwansa a ƙasan wani buhu." Na bar abin da nake yi na tafi. Rubutun zobe iri ɗaya sak, lambar mazubi ce kawai ta bambanta. Kurakurai 584, hatimi ya haɗu da kundin. Saktar da ta ƙi karantuwa a na farko bayani ne na yau da kullum a cikinta, ba tarko ba. Na ajiye faifan biyu a ambulan ɗaya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na shiga na waƙa. Tara daga ciki suna da tambarin Copy Control, kuma in ka duba ba su da tambarin Compact Disc da aka saba gani, domin Philips, wadda ita da Sony suka kafa ƙa'idar CD a 1980, ta ce faifan da ya karya ƙa'idar bai cancanci tambarin ba. Na hannuna Cactus Data Shield ce a kansu, ta kamfanin Midbar na Isra'ila wanda Macrovision ta saye a 2002. Faifan kashi biyu ne: waƙoƙi a na farko, na biyu kuma 'yar manhajar saurare da matsattsun kwafin waƙoƙin, don kwamfuta ta kama wannan ta bar na ainihi. A cikin sautin ma an yayyafa kurakurai, rediyon ɗaki yana cike su da kintace ba ka ji ba.

Nan aikin ya fi na wasanni wuya. Saktar waƙa duk bayit 2352 ɗinta sauti ne, ba lissafin tabbatarwa a ciki, ba kuma fayil da zai nuna maka iyakar yankin tarko. In ba faifai na biyu, ba yadda zan rantse wane kuskure ne na gangan. Na karanta, na adana jerin C2 ɗin kowanne, na rubuta suna jiran shaida.

Wani faifai ya tsayar da ni. A bakinsa, ta ɓangaren sheƙi, akwai baƙin layin maka da wani ya ja da hannu, ya ɗan karkace a ƙarshe. A 2002 labari ya bazu cewa kariyar key2audio ta Sony ana kashe ta da maka, a rufe kashin bayanai da ke bakin faifai, kwamfuta ta daina ganinsa. Wani mutum a wani ɗaki a Turai ya yi wa faifansa haka don ya ji waƙar da ya saya da kuɗinsa. Na ɗauki hoton layin ta fuska uku kafin in goge shi da sifirit, domin ina buƙatar abin da ya rufe.

Irin waɗannan ne suka sa kwamfutar aikin ba ta da intanet, kuma na kashe mata buɗe faifai da kanta. A ranar 31 ga Oktoba 2005 Mark Russinovich ya fallasa cewa faya-fayan Sony BMG masu kariyar XCP suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a Windows, mai ɓoye duk fayil da sunansa ya fara da $sys$, har masu ƙwayar cutar kwamfuta suka riƙa fakewa a bayanta. Albam 52 abin ya shafa. Faifan da ke ɗauke da irin wannan ma adana shi za a yi yadda yake, amma da gargaɗi a jikin ambulan.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Faifai shida sun karantu ba kuskure ko ɗaya, hashiya lafiya, hatimi ya dace, amma na san ban gama da su ba. Huɗu StarForce ce ta Rasha, biyu kuma SecuROM ta Sony DADC, sababbin zubinta.

Waɗannan ba ramuka suke nema ba, siffar faifan suke aunawa. Layin CD zare ɗaya ne a naɗe, tsawonsa ya haura kilomita biyar, tazarar zagaye da zagaye kimanin maikuromita 1.6, ana karanta shi da gudun mita 1.2 zuwa 1.4 a daƙiƙa. Wannan ɗan sassauci da ƙa'ida ta bari yana nufin kowace uwar faifai tana da nata yanayin naɗi. StarForce tana auna lokacin da na'ura ke ɗauka daga wata sakta zuwa wata, ta lissafo kusurwar da ke tsakaninsu, ta gwada da wadda ta sani. SecuROM a sababbin zubinta da gangan take sa a matse saktoci a wasu wurare a sassauta a wasu. Ko ka kwafe kowane bayit daidai, in ka zuba a wani faifai kusurwar ta canza.

Abin da ake iyawa shi ne awo. Alcohol 120% tana auna wannan matsin ta rubuta a fayil ɗin MDS. Amma awon lokaci ne, ba ya fitowa iri ɗaya sak sau biyu, don haka ba shi da hatimin da za a gwada da na wani. Na auna kowanne sau uku a mafi ƙarancin gudu, da daddare, ba mai taɓa tebur. Zanen ukun yana hawa da sauka a wurare ɗaya, na ajiye duka. Waɗannan shida robarsu ita ce asali, kwafin kusantawa ne kawai, kuma haka na rubuta a bayaninsu.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya rage gudun aiki, sai bayan asham nake ɗan zama. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta aiko jikanta da leda, daga baya ta biyo sawu da kanta. "Ɗan nan, an ce kana tayar da matattun faya-fayai. Bikin 'yata ne a ciki, da wasu fina-finan Hausa na da." Na ce, "Hajiya, tayarwa sai Allah, amma zan gwada."

VCD ne, ba kariya ko ɗaya a kansu, amma sun fi wasu masu kariyar rauni. Saktar bidiyon VCD bayit 2324 take ɗauka, an sadaukar da lissafin gyaran nan na ƙarshe don a samu wuri, shi ya sa ƙarzuwa kaɗan sai hoto ya farfashe gida-gida. Jan fayil ɗin DAT daga jakar MPEGAV ba adanawa ba ce, sai an karanta faifan ɗanye kamar sauran. Na bikin CD-R ne, rininsa ya fara kodewa daga baki, da alama ya sha zafi. Minti huɗun ƙarshe sun tafi. Sauran na ba ta a filasha, ta zauna nan a tabarma ta kalla har aka zo kamu.

Asabar, 5 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. Na fara DVD. Duk na yanki na 2 ne, na Turai, mu nan yanki na 5 muke. Na'urar kwamfuta sau biyar kawai take yarda a canza mata yanki sannan ta kulle a na ƙarshe, don haka na ware guda na sa ta a 2, na manna mata takarda.

Kariyarsu CSS ce ta 1996, mabuɗinta bit 40, wadda aka fasa a 1999 da manhajar DeCSS, har aka gurfanar da matashin nan ɗan Norway Jon Lech Johansen, kotu ta wanke shi a 2003. Abin da ya shafe ni shi ne inda mabuɗan suke. Saktar DVD ɗanya bayit 2064 ce, kuma mabuɗin fim yana cikin wasu bayit 6 da ke gaban 2048 ɗin, na faifai kuma a mashiga. ISO ba ya ɗaukar ko ɗaya. Shawarar da na yanke ita ce kwafi ya zauna a kulle yadda aka buga shi, mabuɗan a rubuce a gefe. Uku na gama.

Lissafi zuwa yau: 141 sun kammala sun dace da kundin. 17 sun karantu amma suna jiran shaida ta biyu. Shida masu awon siffa. Jabu 19 a jakarsu. DVD 16 ana kai. 13 sun maƙale saboda lalacewa. Komai yana rumbu biyu, ɗaya a nan, ɗaya a gidan yayata.

Cikin 13 ɗin akwai wanda ke gabana yanzu. LaserLock ce a kansa, da ɓoyayyiyar jakarta mai suna LASERLOK, da siririn zobe da ido ke gani a jikin faifan inda saktoci ba sa karantuwa da gangan. Ƙarzuwa ta bi ta gefen zoben ta haɗe da shi, na kasa gane inda tarko ya ƙare ciwo ya fara. Karatu huɗu, adadi huɗu daban. Na kwafe rubutun zobensa da manyan baƙaƙe a takarda, na zana hoton kwalin, na kai wa Baba da na je gaisuwar Sallah. Ya ninke ta ya cusa a cikin hularsa, ya ce akwai kayan da ake sa ran saukewa ƙarshen wata.